Wa zai lissafa ruwan Ɗan Agundi?

In kana bin titin BUK ta Ƙofar Ɗan Agundi da damina, ka san yadda ruwa ke cin hanya. Ɗaukar bidiyo ka ɗora a TikTok ba laifi ba ne, amma ka taɓa tambayar kanka ina ruwan nan ke zuwa a da?

Kududdufan gefen badala, inda aka haƙi ƙasar gini, su ke shanye shi. Da aka cike da yawansu aka yi shaguna, sai ruwa ya nemi hanyarsa, gidan kowa ya samu ya shiga.

Akwai injiniyoyin da sana'arsu ke nan: su zana unguwa a kwamfuta, su zuba mata ruwan sama na gwaji, su gano kwatar da za ta fara ambaliya tun kafin hadari ya haɗu. Manhajojin aikin, irin su SWMM da HEC-RAS, kyauta ake sauke su. Ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 da ta Alau a 2024 sun isa su nuna maka ba lissafin wasa ba ne.

Hanyar a buɗe take. ABU Zariya na da sashen injiniyan ruwa da muhalli, Kaduna kuma na da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa. In ka kammala digiri na uku, gidauniyar Humboldt ta Jamus na ɗaukar nauyin masu bincike daga ƙasashe irin namu.

Kano ba ta rasa masu ƙorafi ba, masu lissafi take nema. Datar da ke wayarka ta isa ka fara.