Me Ya Sa Torres Ya Fi David Villa Suna a Gidajen Kallonmu?

Idan aka yi zancen tsofaffin 'yan wasan gaba na Sifaniya a gidajen kallon ƙwallo na Talata Mafara, Bakura ko Maradun, sunan Fernando Torres ne kan fara fitowa. Amma David Villa ne ya fi kowa ci wa ƙasar ƙwallo: 59 a wasa 98. Torres kuwa 38 ya ci a wasa 110.

Villa, ɗan mai haƙar kwal daga yankin Asturias, an haife shi a 1981. Ya taka leda a Zaragoza, Valencia, Barcelona da Atletico Madrid. Shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Turai ta 2008 da guda 4, ya ci 5 a Kofin Duniya na 2010 da Sifaniya ta ɗauka a Afirka ta Kudu. Ya rataye takalmansa a Japan a farkon 2020.

To ina bambancin ya fito? Gasar Firimiyar Ingila ce aka fi kunnawa a gidajen kallonmu, Villa kuwa bai taɓa buga ta ba. Torres ya haska a Liverpool, sannan Chelsea ta saye shi kan fam miliyan 50 a 2011, ya yi wasa tare da namu, Mikel Obi. Ga kuma ƙwallon da ya ci Jamus a wasan ƙarshe na gasar Turai ta 2008.

Torres gwani ne, babu tantama. Amma in ana batun raga, Villa ne gaba, kuma ya cancanci matasanmu su san shi.