Birnin Kudu da Gwaram: Garuruwan da Girmansu Ya Riga Ayyukan Raya Ƙasa

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda ke kudancin Jihar Jigawa a ƙarƙashin masarautar Dutse kuma suka yi iyaka da Jihar Bauchi, suna cikin yankunan da suka fi cikar jama'a a jihar, domin ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutane fiye da 310,000, ta ba Gwaram fiye da 270,000. Ba a sake ƙidaya a Najeriya ba tun daga wancan lokaci, amma lissafi ya nuna cewa al'ummar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara tana ninka kanta cikin shekara 24, kuma duk wanda ya san gefen garin Birnin Kudu a da ya san cewa gonakin dawa da gyaɗa da yawa sun koma filayen gini. Abin da masana ke kira bunƙasar tattalin arziki shi ne ƙaruwar kayan da ake samarwa da hidimomin da ake sayarwa a wuri, su kuwa ababen more rayuwa su ne hanyoyi da gadoji da ruwa da lantarki da magudanai, wato abubuwan da mutum ɗaya ba ya iya yi wa kansa. A wannan yanki na farkon yana gudu, na biyun yana tafiyar hawainiya.

Tushen farko na girman yankin shi ne hanya. Birnin Kudu tana kan babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, wanda ya rabu a Babaldu, reshe ɗaya ya nufi Ningi da Bauchi, ɗayan ya bi ta ƙasar Gwaram zuwa Darazo da Gombe, saboda haka masu abinci da masu faci da kanikawa da gidajen mai sun daɗe suna cin arzikin matafiya. Sai dai lokacin da gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, an bi da shi ne ta Shuwarin da Kiyawa zuwa Azare, lamarin da ya bar kudancin jihar da titi mai hannu ɗaya wanda manyan motoci ke murƙushewa kowace rana.

Tushe na biyu albashi ne, kuma shi ne wanda ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Dangote ya yi sakandare, ta sanya sunan garin a bakin mutanen Arewa tun kafin a ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a watan Agustan 1991, sannan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya suka tara likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasar. Kowane ma'aikaci yana bukatar gidan haya da tela da ɗan acaɓa da makarantar 'ya'yansa, kowane majinyaci da aka kawo daga ƙauyukan Bauchi yana tafe da 'yan jinya masu sayen abinci da magani, ta haka kuɗin da aka biya daga Abuja yake zagayawa hannu da hannu kafin ya bar garin. Kusancin Dutse, wadda ta samu jami'ar tarayya a 2011, ya ƙara wa filayen yankin daraja. Ba za a manta da siyasa ba: gwamnan farar hula na farko a jihar, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan garin ne, haka ma Sule Lamido na Bamaina, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015.

Noma shi ne tushe na uku kuma mafi girma, domin kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, ga fadamun Kogin Bunga a ƙasar Gwaram inda ake noman rani. Dawa da gero da masara da gyaɗa da riɗi da shinkafa suna cika kasuwannin mako irin ta Sara, inda dillalai ke auna hatsi da tiya, 'yan dako na ɗora buhuna a kan tirela har bayan magariba. Matsalar ita ce yawancin kayan suna fita ne yadda aka girbe su. Riɗin da aka saya da araha lokacin kaka a Kano ake tace shi a zuba a sabon buhu kafin a kai shi tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma wannan ƙarin darajar, wato ribar da ke tsakanin ɗanyen kaya da wanda aka sarrafa, can take zama. Ba rashin dabara ba ne ya hana ɗan Gwaram kafa injin gyaran riɗi ko na casar shinkafa; injin da zai dogara da dizal ba ya iya gogayya da na Kano, wutar kamfanin KEDCO kuwa ba abin da za a gina sana'a a kai ba ce a yawancin ƙauyuka. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsananta lamarin, ko da yake ya tura manoman rani da masu shaguna da dama zuwa ga wutar sola.

Babu abin da ya fito da raunin yankin fili kamar damina. A watan Agustan 2021 ambaliya ta karya gada a Radabi, kan titin Gwaram zuwa Basirka, motoci suka afka cikin ramin, mutum 21 suka rasu. Hatsarin ya ja hankalin ƙasa saboda yawan rayukan da aka rasa, amma irin sanadinsa yana nan birjik a ƙananan hanyoyi: kwalbatin da aka gina daidai da ruwan shekarun baya, yashi da leda suka toshe rabin bakinsa, ruwa ya rasa mafita ya riƙa cin ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta har ta rufta. Yashe kwalbati kafin saukar ruwan fari aiki ne na 'yan kuɗi kaɗan, sai dai ba a yanka masa kirtani, ba a kafa masa allo mai hoton shugaba, shi ya sa kasafin kuɗi ya fi karkata ga sabon aiki fiye da kula da tsohon.

Batun filaye ma haka yake. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da su, amma gonar da ke bakin gari tana faɗawa tsakanin biyun. Magada sukan raba ta, dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka ta fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu a takarda, a bar lungun da ƙyar Keke Napep zai wuce, ba a ware wurin makaranta ko magudanar ruwa ko maƙabarta ba. Bayan shekara goma, idan hukuma ta zo shimfiɗa titi ko bututu, sai ta tarar dole ta rushe gidaje ta biya diyya mai tsada, alhali da an shata hanyoyin tun wurin yana gona da turaku kaɗai sun wadatar. A irin waɗannan sababbin unguwanni mai hali yana haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, maras hali yana sayen jarka a wurin 'yan garuwa, sau da yawa kuma ramin masai yana kusa da rijiyar maƙwabci.

Wanda zai biya kuɗin gyara shi ne inda magana ta tsaya. Titin da ya ratsa garuruwan na tarayya ne, hanyoyin da suka haɗa su da ƙauyuka na jiha ne, kasuwa da tasha da kwata na ƙaramar hukuma ne, kuma ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a cikin ukun, tunda harajin da take karɓa a kasuwa bai taka kara ya karya ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, sai dai aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ko kuɗin sun iso, sakatariyar Birnin Kudu da ta Gwaram za su bukaci masu safiyo da injiniyoyi da taswirar da ta nuna inda ruwa ke bi a faɗin ƙananan hukumomin biyu, kafin dillalai su gama yanka gonakin da suka rage a bakin titi.