Dokta Asma El Dareer: Likitar Da Ta Rubuta Wahalar Masu Naƙuda

Jama'a, a wannan wata muna so mu gabatar muku da wata 'yar ƙasa wadda ya kamata kowane magidanci a cikinmu ya san aikinta, wato Dokta Asma El Dareer.

An haife ta a 1949. Ita da kanta ta bayyana cewa an yi mata kaciya a 1960, tana da shekara 11. Da ta zama likita, sai ta ɗaura ɗamarar gano irin ɓarnar da wannan al'ada ke yi. Daga 1977 zuwa 1981 ta jagoranci wani bincike a ƙarƙashin Sashen Koyon Likitanci na Jami'ar Khartum, inda aka tattauna da mata 3,210 da maza 1,545 a arewacin Sudan. An tarar kashi 98 cikin ɗari na matan an yi musu kaciya, kuma fiye da kashi 80 irin ta fir'auna ce, wadda ake yanka a ɗinke.

A 1982 aka buga littafinta a Landan mai suna "Woman, Why Do You Weep?", wato "Mace, me ya sa kike kuka?" A ciki ta yi bayanin abin da kan faru ranar haihuwa. Tabon ɗinki ba ya buɗewa kamar lafiyayyar fata, saboda haka dole ungozoma ta tsaga kafin kan jariri ya fito. In ba a yi da wuri ba, naƙuda ta yi tsawo, jini ya zuba, jaririn ya galabaita. Bayan haihuwa kuma a sake ɗinke mai jego, haihuwa ta gaba a koma gidan jiya.

Tun kafin ita an yi ta fama da wannan matsala. A 1921 wata Baturiya, Mabel Wolff, ta buɗe makarantar ungozomomi a Omdurman, kuma a 1946 gwamnati ta hana kaciyar fir'auna, amma dokar ta tsaya a takarda. Abin da Dokta Asma ta ƙara shi ne alƙaluma, waɗanda ba mai iya musunta su. Sai a 2020 aka yi dokar da ta haramta kaciyar mata kowace iri, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara uku.

To, ina ruwanmu mu Hausawa? Yawancin gidajenmu ba su gaji kaciyar fir'auna daga kakanni ba. Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Auratayya da gorin maƙwabta a unguwannin Khartum da Omdurman na iya sa uwa ta miƙa 'yarta don kada a ce da ita ƙazama. Ban da haka, a ƙasar Hausa akwai yankan gishiri da akan yi wa mai doguwar naƙuda, wanda kan jawo yoyon fitsari.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe asibitoci da dama a Khartum da Omdurman, mata da yawa suka haihu a gida ko a hanyar gudun hijira. A irin wannan hali, wadda aka ɗinke ta fi kowa shiga haɗari.

Saboda haka muna kira ga iyaye maza, da malamai, da limamanmu, su yi wannan magana a fili. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.