Bukka da Zagayowar Shekara: Zaman Bororo a Tsaunukan Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda Fulani makiyaya, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, suke zama a tsaunukan da ke kudu da Garwa, inda babu lantarki, babu famfo, babu kwalta. Mazauna unguwanni irin su Jambutu ta Garwa (ba Jambutu ta Jimeta ba) sun fi sanin waɗannan mutane ta wajen nono da man shanu da shanun kasuwa. Kaɗan ne suka san yadda ɗakinsu yake, da dalilin da ya sa ba a gina shi don ya daɗe.

2.0 Bukka

Bukka ɗaki ne da ake yi da tsumagu da ciyawa. A Fulatancin Adamawa ana ce mata bukkaaru, ɗaki kuwa gaba ɗaya suudu. Aikin mata ne. Sukan kakkafa tsumagu a da'ira, su tanƙwara kawunansu su ɗaure da igiyar ɓawon itace, sannan su rufe da ciyawa daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya riƙa zurarewa. Yini ɗaya ko biyu ya isa. A yau akan ƙara leda ko tamfol a kai.

Akan kwatanta bukka da tantin makiyayan Mongoliya da ake kira ger, domin dukkansu zagayayyu ne, kuma na masu bin dabbobi. Kwatancen bai cika ba. Mutumin Mongoliya yana zaune a ƙasar da itace ya yi ƙaranci ga tsananin sanyi, don haka yakan kwance ɗakinsa na katako da gashin tumaki ya ɗora wa raƙumi ko mota. Bororon Kamaru kuwa yakan bar bukkarsa a nan ta ruɓe, saboda ya san akwai ciyawa da tsumagu inda za shi. Abin da ake ɗora wa takarkari shi ne gado da tabarmi da ƙore da dangwali, wato doguwar igiyar ɗaure maruƙa. Ɗalibi zai lura cewa dangwali aro ce daga Fulatanci daangol, kamar yadda burtali ta fito daga burtol.

3.0 Hawa da Sauka

Ruwan sama a yankin Garwa yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Idan aka nausa kudu sai ƙasa ta fara tashi har zuwa tudun Adamawa, inda Ngaundare take a kan mita 1,100 ko kusa da haka. Can yamma da ita, wajen iyakar Nijeriya, akwai Cabbal Mbabbo wanda ya haura mita 2,000. Kalmar cabbal tana nufin makiyaya ta kan tsauni. Masanin Faransa Jean Boutrais ya yi dogon nazari a kan irin waɗannan wurare a littafin da ya fitar a 1995.

Da damina, wato ndunngu, ana hawa sama. Dalilin ba ciyawa kaɗai ba ne, domin a lokacin ko'ina kore ne. Ƙudan tsando mai kawo sammore ba ya son sanyin tsauni, kuma gonaki suna ƙasa, to nisantarsu shi ne zaman lafiya da manoma. Wannan zangon shi ne ruumirde, kuma a nan ake kyautata rufin bukka. Nono ya wadata, amma kasuwa ta yi nisa, ƙoramu sun cika, hazo kan rufe dutse har hantsi. Ɗanyen itace ba ya kamawa da wuri, ga shi dole a hura wuta biyu: ta girki, da ta garke wadda hayaƙinta ke korar ƙwari, wato duɗal.

Da kaka ta wuce, hunturu ya shigo, sai ciyawar sama ta bushe, sanyin dabbunde ya addabi maruƙa da yara. Sai a gangaro kwarurrukan Mayo Deyo da Faro, kogin da ke zuba a Binuwai. A nan akwai ruwa, akwai kara da harawa a gonakin da aka girbe. Bukkar rani, a zangon seeɗirde, ba a wahala a kanta. Wani lokaci inuwa ce kawai, tun da ana iya tashi bayan mako biyu.

Bazara ita ce mafi wuya. A Maris da Afrilu zafin kwarin Binuwai kan wuce digiri 40, shanu su rame, nono ya ƙafe, mata su rasa abin da za su musanya da hatsi. Samari kan hau bishiya su sassaro ganye. Ana jin an yi ruwa a wani wuri sai a aika ɗan leƙe, a da a ƙafa, yanzu a babur ko ta wayar salula da aka yi wa caji da ɗan faifan sola.

Wannan tsari yana tafiya ne muddin hanya a buɗe take, kuma nan ne matsalar take. An ware gandun dajin Binuwai a matsayin wurin da aka hana kiwo, aka tabbatar da shi a 1968, na Faro kuma a 1980. Kamfanin auduga na Sodecoton da aka kafa a 1974 ya faɗaɗa noma, madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982 ta shanye fadamu kuma ta jawo baƙin manoma. Burtalai da dama sun koma gona. Daga baya masu garkuwa da mutane, da ake kira zargina, suka mai da hankali kan 'ya'yan makiyaya, saboda sun san uban yaro zai sayar da shanu ya biya fansa. Ƙungiyar MBOSCUDA, wadda Bororo suka kafa a 1992, tana fafutuka a kan filin kiwo da karatun yara. Duk da haka gidaje da yawa sun rabu biyu: dattawa da mata sun gina ɗakin kwano a gefen gari, samari ne kawai ke hawa dutse da garke, su kuwa sau da yawa leda suke ɗaurawa a kan sanduna, domin masu iya rufin ciyawa sun zauna a gari.