Gwafar igiyar gado

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin rai waɗanda ido ba ya gani. Idan yaro yana girma, ko rauni yana warkewa, ƙwayoyin ne ke rabuwa, ɗaya ta zama biyu. Cikin ƙwaya akwai wani zare mai suna ADN. Shi ke ɗauke da gadon da ɗa ke samu daga uwa da uba. Kafin ƙwaya ta rabu, dole zaren ya zama biyu, don kowace ta samu nata.

ADN kamar igiya yake, mai sili biyu a tufke. Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Ingila cikin 1953. Kowane sili jeri ne na haruffa iri huɗu: A, T, G, C. Kullum A na riƙe da T, G kuma na riƙe da C.

Masu aikin ana kiran su anzim. Na farko, helikaz, shi ke warware tufkar. Wurin da silin biyu suka rabu ya yi kama da gwafa. Sai polimeraz ya bi kowane tsohon sili yana gina sabo a jikinsa. In ya tarar da A ya sa T, in ya tarar da G ya sa C.

Amma polimeraz fuska ɗaya kaɗai yake iya bi, silin biyu kuwa kai da ƙafa suke kwance. A sili ɗaya yana bin gwafa ba tsayawa. A ɗayan yana ba gwafa baya: ya gina guntu, ya dawo, ya gina wani. Ligaz ke ɗinke guntayen. Reiji Okazaki da matarsa Tsuneko, mutanen Japon, suka bayyana guntayen nan cikin 1968.

In aiki ya ƙare, igiya ta zama biyu. Kowace tana da tsohon sili ɗaya da sabo ɗaya.

Polimeraz yakan gyara kuskurensa, domin harafi ɗaya ba abin wasa ba ne. Canjin harafi ɗaya tak ke kawo amosanin jini, ga yaron da ya gaje shi daga uwa da uba duka.

Tambayoyi
1. Wane harafi ke riƙe da G?
2. Don me ake gina sili ɗaya guntu-guntu?
3. Mene ne aikin ligaz?