Shirin Jarrabawar Kwamfuta Ga Matasan Injiniyoyi A Maiduguri

Kowace shekara Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Kwalejin Fasaha ta Ramat suna yaye matasa masu ilmin injiniya, amma a idon doka takardar makaranta ita kaɗai ba ta mai da mutum injiniya. Hukumar COREN ce ke da wannan iko a Nijeriya, watau majalisar da Gwamnatin Soja ta kafa da Doka ta 55 ta shekarar 1970. Wanda babu sunansa a littafinta ba shi da izinin kiran kansa injiniya, balle ya sa hannu a kan zanen gada ko na madatsar ruwa.

Hanyar shiga littafin nan tana da tsawo. Bayan digiri ana bukatar mutum ya yi shekara 4 yana aiki, sa'an nan ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi da hannunsa, ya zauna gaban manyan sana'ar su yi masa tambayoyi. Da yawa sukan bi ta Ƙungiyar Injiniyoyin Nijeriya, wadda aka kafa a birnin Landan a 1958.

To, a kan wannan tsohuwar hanya ce kwamfuta ta zo ta tsaya. Neman rajista dai ya koma ta intanet. Hukumar JAMB kuwa ta soma jarrabawar kwamfuta a 2013, ta yi sallama da takarda da fensir a 2015, saboda haka ƙanne sun saba da na'urar tun daga ƙofar jami'a. Yayyensu da suka daɗe a bakin aiki cikin rana da ƙura, su ne abin ya fi yi wa nauyi, ko da yake sau da yawa sun fi ƙannen sanin aikin.

Wanda ke son ganin inda al'amarin ya dosa sai ya dubi Amurka. A can hukumar NCEES ta mai da jarrabawar matakin farko kan kwamfuta a 2014. Tambaya 110 ce a cikin sa'a 5 da minti 20, watau kowace tambaya ba ta samun cikakken minti 3. Ba a shiga da littafi, sai dai a buɗe wa mutum kundin ƙa'idojin lissafi a gefen allon ya nemi abin da yake so. Wannan ya shafi ɗan Barno, domin a 2023 aka karɓi COREN a matakin wucin gadi cikin Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na junansu a ƙarƙashinta, kuma duk mai niyyar neman lasisi a Amurka irin wannan jarrabawa ce ke jiransa.

Shiri biyu ke nan a gaban mutum, na ilmi da na na'ura, kuma na biyun ne aka fi rainawa. Wanda ya saba da littafinsa har ya san shafin da kowace ƙa'ida take, yakan ruɗe in aka ce ya nemo ta a kan allo agogo yana tafiya. Maganin abin shi ne ya yi ta gwaji a kan kwamfuta, ya sa wa kansa lokaci, ya koyi tsallake tambayar da ta ƙi ya komo mata daga baya. Ya kuma riƙe na'urar lissafi guda ɗaya irin wadda aka yarda a shiga da ita, har yatsunsa su san ta. Wayar hannu tana taimako wajen karatu, amma ba ta koya wa mutum zaman sa'o'i a gaban allo.

A Maiduguri wannan gwaji ba ya samuwa da arha. A watan Janairu na shekarar 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu, har sai da kamfanin NNPC ya gina tashar iskar gas mai megawat 50 wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Hikima ce mai shiri ya sauke kundinsa da tsofaffin tambayoyi a na'urarsa tun da wuta da intanet, ya kuma haɗa kai da abokai uku ko huɗu su raba kuɗin man janareta ko su taru inda akwai wutar hasken rana.

Babu kuwa garin da ya fi Maiduguri sanin nauyin aikin injiniya. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, ya shiga gidaje da kasuwa da asibiti. Gyaran madatsar da gadoji da magudanun ruwa aiki ne na shekaru, kuma kowane zane sai an sami mai rajista ya sa masa hannu. Shi kansa Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda ya zama gwamna a 2019, injiniyan aikin gona ne, ya kuma taɓa shugabantar Kwalejin Ramat.

Ambaliyar ta ci takardun mutane da yawa. Saboda haka mai neman rajista ya ɗauki hoton takardun makarantarsa da na hidimar ƙasa da zane-zanen ayyukansa, ya adana su a intanet, domin su za a fara nema tun kafin a sa masa ranar ganawa da manyan sana'ar.