Lissafin da ke Auna Jikin Yaro

A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa dubbai jinya da maganin DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Takardar maganin ta ba da hanya biyu ta auna wa yaro rabonsa: ko da nauyinsa, ko da faɗin fatar jikinsa.

To, wa zai iya shimfiɗa fatar yaro ya auna? A nan lissafi ya shigo. A 1987 wani masani mai suna Mosteller ya kawo ƙa'ida mai sauƙi: a ninka tsayi a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3600, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Yaro mai tsayin santimita 90 da nauyin kilo 10 ya ba da 900, a raba a samu 0.25, tushensa 0.5, wato rabin murabba'in mita. In kuwa faɗin aka sani, nauyin ake nema, sai a ninka kowane ɓangare da kansa: 0.25 = 90x/3600, x, wato nauyin, ya zama 10.

Tushen murabba'i ba wani abu ba ne illa ƙarfin lamba na 1/2. Wanda ya gane haka, x^(3/2) = 8 ba zai razana shi ba: ya ɗaga ɓangarorin biyu zuwa ƙarfin 2/3, x ya fito 4.

Amma akwai tarko, kuma shi ke cinye makin ɗalibai a WAEC da NECO. Ɗauki √(x + 2) = x. Ninkawa za ta haifi x² − x − 2 = 0, amsa 2 ko −1. Mayar da −1 cikin tambayar farko: hagu 1, dama −1. Ba su daidaita ba, domin ninkawar ce ta shigo da wannan amsa, 2 kaɗai ce ta gaskiya.

Ina roƙon malaman lissafi na Gummi, Anka da Bukkuyum: ku fara darasin da tsayi da nauyin ɗalibanku, kuma kada ku karɓi amsar da ba a mayar cikin tambaya an gwada ba. Cikin yaran nan ne za mu samu masu auna wa ƙannensu magani gobe.